Yadda sabon ɗalibi zai zaga Jami'ar Ahmadu Bello da ƙafarsa

Akwai ɗaliban da za su yi shekara huɗu a Samaru, su karɓi digiri su kama gabansu, amma in ka tambaye su ina Drama Village, gidan wasan kwaikwayon jami'ar, yake sai su ce ai sun sha jin sunan. Hanya uku kawai suka sani: daga hostel zuwa aji, daga aji zuwa wajen mai abinci, daga nan a koma hostel. Ba na ganin laifinsu sosai. Da zarar lakca ta kankama, ga jarrabawar gwaji ga aikin gida, babu mai sauran sukunin yawo. Shi ya sa duk ƙane ko ƙanwar da ta samu gurbi a Jami'ar Ahmadu Bello nake ce mata makonni biyun farko, lokacin da ake ta fama da rajista kuma karatu bai yi nisa ba, su ne lokacin sanin wuri. In suka wuce, sai dai wani ikon Allah.

Ga yadda zan tsara maka zagayen. Kwana uku zai ci, ba lallai a jere ba.

Mataki na farko: shiri

Ka sa takalmin da ka saba da shi, ba sabon da aka saya maka don zuwa jami'a ba. Filin jami'ar ya kai wajen hekta 7,000 in an haɗa da gonakinta, ko cikin harabar Samaru kaɗai ya isa ya tayar maka da bororo a ƙafa. Ka riƙe gorar ruwa, da takardar shaidar shigarka ko katin ɗalibi in ya fito, domin akwai wuraren da sai an gani za a bar ka ka shiga. In lokacin hunturu ne, ka sa rigar sanyi. Mutanen Kano da Sakkwato kan raina sanyin Samaru, sai asubar farko ta yi musu bayani.

Ka fito da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe. Kada ka hau Keke a ranar farko, ko da abokai sun ce su za su biya. Wanda aka ɗauka a mota sunan wuri kawai yake ji, wanda ya taka shi ne ya san wurin. In da hali ka samu ɗan aji biyu ko aji uku ya raka ka, da ɗan gari akan ci gari. In ba ka samu ba, bakinka ya ishe ka. Masu gadi da masu shara sun fi kowa sanin lungunan jami'ar, sai dai ka fara da gaisuwa. Ka ce "Baba, ina kwana, don Allah ina ne hanyar laburare?" za ka ga har rakiya ana yi maka.

Mataki na biyu: ka fara daga Main Gate, ka riƙe ginin Sanet a ido

Babbar ƙofar tana kan titin da ya fito daga Zariya ya nufi Funtuwa, garin Samaru na fuskantarta ta tsallaken titi. Ka tsaya ka dubi tambarin jami'ar kafin ka wuce. Za ka ga sunan jami'ar da rubutun Larabci. An buɗe ta ranar 4 ga Oktoba, 1962, da ɗalibai 426 kacal, adadin da yau wani aji ɗaya ya fi shi. Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, shi ne uban jami'ar na farko, shugabanta na farko kuwa wani masanin kimiyya ne ɗan ƙasar Niyu Zilan, Norman Alexander. A 1966 aka naɗa Dakta Ishaya Audu, ɗan Najeriya na farko da ya riƙe ta, ya yi har 1975.

Daga ƙofa ka ɗaga kai, dogon benen da ka hango ya yi wa sauran gine-gine zarra shi ne Sanet, inda ofishin shugaban jami'a da na magatakarda suke. Amfaninsa gare ka a yau ba na ofis ba ne. Shi ne alƙiblarka. Duk inda ka shiga ka rikice, ka nemi fili ka hango shi, ka nufe shi, ka sake lissafi daga nan. Ni a makona na farko sai da na yi dawafin wata tsangaya sau uku ina neman ɗakin lakca, ina jin kunyar tambaya kada a gane baƙo ne ni, alhali fayil ɗin da na rungume a ƙirji ya riga ya tona min asiri.

A wannan yankin za ka ga dandalin da ake bikin yaye ɗalibai da babban zauren taro na Assembly Hall. Ka leƙa ka wuce. Za ka dawo musu ranar rantsar da sababbin ɗalibai ko kana so ko ba ka so.

Mataki na uku: laburare

Sunansa Laburaren Kashim Ibrahim, amma ba za ka ji kowa ya faɗi haka ba, KIL ake cewa. Sa Kashim Ibrahim mutumin Borno ne, shi ne gwamnan Jihar Arewa daga 1962 zuwa 1966, lokacin da Sardauna yake firimiya.

Kada ka tsaya a ƙofa ka ɗau hoto ka juya. Ka ajiye jakarka inda ake ajiyewa, ka cire waya da kuɗi ka riƙe, ka shiga. Ka hau kowane bene, ka gano inda littattafan fanninka suke, ka lura da lambobin da ke jikin kantocin. Sannan ka tambayi ma'aikaci ya nuna maka ɓangaren littattafan Afirka da inda ake ajiye kundayen digiri. A nan ne abin mamakin yake. Da wuya ka rasa wanda ya taɓa rubutu a kan garinku, ko sarautarku, ko kasuwarku, ko sana'ar gidanku, wani tun kafin a haifi mahaifinka, da keken rubutu aka buga. Ka nemi guda ka buɗe ko shafi biyar ne. Ranar da ka ga sunan ƙauyenku a cikin kundi mai baƙin bango, ranar za ka daina ganin bincike aikin wasu ne can.

Ka kuma zaɓi kujerar da za ka riƙa zama tun yanzu, kusa da taga. Lokacin jarrabawa sai wanda ya yi sammako yake samun wuri.

Mataki na huɗu: tsangayar da aka yi ta kai ruwa rana

Ko likitanci ka zo karanta, ka bi ta ɓangaren da har yau tsofaffin ɗalibai ke kira FASS, wato inda sassan tarihi da harsuna da kimiyyar siyasa da zamantakewa suke. Gine-ginen ba su da wani ado. Tarihin da aka yi a ciki ne abin zuwa gani. A sashen tarihi Farfesa Abdullahi Smith ya koyar, Baturen Ingila da ya musulunta, wanda ya dage cewa tarihin ƙasar Hausa da Borno sai an koma wa rubuce-rubucen malamanmu na Larabci da ajami, ba rahoton Turawan mulki kaɗai ba. Shirin binciken tarihin Arewa da ya jagoranta ya tara ɗimbin irin waɗannan takardu. Ɗalibinsa, Dakta Yusufu Bala Usman, wanda ya rasu a 2005, a nan ya yi rayuwarsa ta koyarwa, digirinsa na uku ma a kan tarihin Katsina ya yi shi. A shekarun 1970 da 1980 muhawarar da ake tafkawa a ɗakunan lakcar nan har gwamnatocin soja takan hana barci. A 1988 aka kori wani malamin nazarin zamantakewa ɗan Jamaika, Patrick Wilmot, daga ƙasar baki ɗaya.

Sashen da ake nazarin Hausa ma yana wannan yanki. Ka duba allon sanarwarsu. In an sa ranar gabatar da maƙala, ka je ka zauna a baya, ba a karɓar ko sisi.

Mataki na biyar: lambun sassaƙe-sassaƙe

Ka tambayi hanyar sashen zane-zane. Kusa da shi akwai wani fili mai itatuwa cike da siffofin da ɗalibai suka ƙera da siminti da ƙarfe tsawon shekaru: mahayin doki, makaɗi, mace da tulu, dabbobi, da wasu da sai ka zagaya su sau biyu kafin ka gane inda suka dosa. Yawancinsu aikin kammala karatu ne, kowane da hannun mai shi.

Na san akwai waɗanda zuciyarsu ba ta kwanta da mutum-mutumi ba, kuma ba zan ja da su ba. Wanda bai so ya wuce. Amma ya kamata ka san asalin wurin. Kafin a yi jami'a, harabar nan ta Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya ce, kuma a 1958 wasu ɗalibanta, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa wata ƙungiya suka ce sun gaji da kwaikwayon zanen Turawa, za su riƙa ɗauko salo daga al'adun gida su gauraya da abin da aka koya musu. Daga baya aka yi musu laƙabi da 'yan tawayen Zariya. Duk wanda zai ba da labarin zanen zamani a Najeriya sai ya biyo ta kansu. Nan ne kuma wurin da ya fi kowane inuwa da iska in rana ta take, don haka ka zauna ka sha ruwanka. Kada ka hau kan siffofin don ɗaukar hoto, wasu sun tsufa, simintin ya fara sakin jiki.

Mataki na shida: Drama Village

In wuri ɗaya kawai za ka iya gani a cikin duk waɗanda na lissafa, to wannan ne. Gidan wasan kwaikwayo ne, amma in ba a gaya maka ba za ka ɗauka gidan wani mai unguwa ne aka ɗauko daga ƙauye aka dasa a tsakiyar jami'a. Da ƙasa aka gina shi a tsakiyar shekarun 1970. Wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Steven Ehrlich, wanda yake koyarwa a jami'ar a lokacin, shi ya zana shi, tare da shawarar malamin wasan kwaikwayo Michael Etherton, kuma tsarin gidan Bahaushe suka bi: ɗakuna zagayayyu kamar zaure, katanga ta haɗe su, fili a tsakiya ba rufi.

Ka shiga ka tsaya a tsakiyar filin, ka sa abokinka ya koma can bakin katanga, ka yi magana kamar yadda kake yi a gida ba tare da ɗaga murya ba, ka ji abin da zai ce. Sannan ka lura babu wani dandamali mai tsawo da ya raba mai wasa da mai kallo. Da gangan aka yi haka. A gidan wasa irin na Turai 'yan kallo suna zaune cikin duhu suna fuskantar gaba kamar 'yan aji. A nan kuwa ana iya yin wasa a tsakiya mutane su kewaye, ko a yi a ƙofar ɗaya daga cikin ɗakunan, ko wasan ya riƙa tashi daga wannan kusurwa zuwa waccan, kamar dai yadda ake kallon tashe ko dambe a dandali.

Daga wannan gida aka fara wani salo da ya bazu a Afirka, inda ɗalibai kan tafi ƙauyuka irin su Bomo da Soba, su zauna da manoma su ji damuwarsu ta taki ko ruwa ko gona, su shirya wasa a kai da Hausa tare da mutanen garin, a yi a gaban kowa, a tattauna. Ka tambayi 'yan sashen ranar da za su yi wasa na gaba. Da dare ake yi galibi, kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba. Ka je da mayafi in hunturu ne.

Mataki na bakwai: wuraren da za ka buƙata ba don kallo ba

Nan ba sai na ja ba. Kafin azahar ka gano inda babban masallaci yake, ko cocin da kake zuwa in Kirista ne kai. Ka gano asibitin ɗalibai da ake kira Sick Bay, da ofishin masu tsaro, ka san hanyarsu daga ɗakinka tun kana lafiya. Zazzaɓin dare ba ya jiran ka yi tambaya.

Kana wucewa ta ɗakunan kwana ka riƙa karanta sunayensu, domin darasin tarihi ne kyauta. Amina sunan Sarauniyar Zazzau ne, kuma na mata ne, don haka namiji ya san iyakarsa. Danfodiyo ba sai an faɗa ba. Akenzua Sarkin Bini ne da ya zama uban jami'a bayan kisan Sardauna a Janairun 1966. Alex, Norman Alexander ɗin nan ne aka gutsure sunansa. Ribadu, Muhammadu Ribadu ne ministan tsaro a jamhuriya ta farko. Ramat, Janar Murtala ne. Wanda ya fi ba mutane wuya shi ne ICSA, da yawa suna kwana a ciki shekara da shekaru suna zaton sunan mutum ne. Taƙaitaccen sunan hukumar da ta riƙe kadarorin haɗin gwiwa na Arewa ne bayan an raba ta jihohi shida a 1967, jami'ar kuwa tana cikin waɗannan kadarori.

Ka tsaya nan a rana ta farko. Ka je ka ci abinci ka miƙe ƙafa.

Mataki na takwas: dam, da la'asar

Wannan na rana ta biyu ne. Madatsar ruwan jami'a tana kan kogin Kubanni, wanda ya ratsa Zariya ya faɗa Galma, kuma daga nan ake tace ruwan da kuke sha. Tana can bayan gari, sai an wuce gidajen malamai. Ka tashi bayan sallar la'asar, ku kasance ku uku ko huɗu, ke kuwa ƙanwata kada ki kuskura ki tafi ke kaɗai. Ku baro wurin kafin a kira magariba.

Abin da za ka gani ruwa ne shimfiɗe, da balbelu, da masu kamun kifi jefi-jefi, da shirun da ba ka samu a hostel. In sararin sama ya washe, musamman bayan ruwan sama, akan hango dutsen Kufena daga wurare da dama a wannan ɓangare, wanda a gindinsa tsohuwar ganuwa take tun kafin Birnin Zazzau na yanzu ya bunƙasa. Kada ka shiga ruwan. Ko kai ɗan Yawuri ne da aka haifa a bakin kogi, ruwan madatsa daban yake, ƙasansa laka ce mai riƙe ƙafa, zurfinsa kuma ba ya sallama.

Mataki na tara: ɓangaren noma da cikin Samaru

Da safen rana ta biyun, ko wata safiyar daban, ka nemi Cibiyar Binciken Aikin Gona, IAR. Ta girmi jami'ar da shekara arba'in, domin tun 1922 Turawa suka fara gwajin iri a Samaru. In ɗan manomi ne kai, ka taɓa ganin buhun iri an rubuta SAMMAZ ko SAMNUT ko SAMSORG ko SAMPEA ko SAMCOT. Wannan SAM ɗin Samaru ce, sauran kuma masara da gyaɗa da dawa da wake da auduga. Waken nan da aka fitar a 2019 mai jure tsutsar da ke huda kwanso, SAMPEA 20-T, daga nan ya fito. Da damina ake jin daɗin zuwa, lokacin da filayen gwaji suka yi kore, kowane layi da allonsa. Ka nemi izini kafin ka shiga, kuma kada ka tsinki komai, domin zangarniya ɗaya tana iya zama aikin shekara uku na wani.

Jami'ar tana da cibiyar binciken makamashi mai injin nukiliya na bincike, irinsa na farko a Najeriya, wanda ya fara aiki a 2004. Na faɗa ne don ka sani. Ba wurin leƙe ba ne, sai in sashenku ya shirya ziyara da takarda. Haka asibitin koyarwa da cibiyar binciken dabbobi, suna gaba a Shika.

Ka fita ta North Gate ka shiga cikin Samaru. Ka zaga kasuwa, ka san inda ake sayar da bokiti da risho da katifa, ka tambayi farashi wuri uku kafin ka ciro kuɗi. Ka san mai gyaran waya, da mai buga takardu, da mai shayin da yake kaiwa dare. Rabin rayuwarka ta jami'a a wannan tsallaken titin za ka yi ta.

Mataki na goma: Kongo

Rana ta uku ta mota ce. Harabar jami'ar ta biyu tana Kongo, cikin gari, kusa da Tudun Wada da Gyallesu, kuma can ne ake karatun shari'a da harkokin mulki. Ka hau bas daga Samaru, za ku wuce kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, ku bi ta Kwangila, ka tambayi kwandasta inda za ka sauka ko ka canja mota. Asalin wurin makarantar horar da akawuna ce tun 1947, daga baya ta zama cibiyar da aka horar da ma'aikatan En'e da alƙalai da manyan ma'aikatan gwamnatin Arewa. Atiku Abubakar a nan ya yi difloma a fannin shari'a. Laburarensu sunan shugaban Amurka Kennedy yake ɗauke da shi, akwai kuma cibiyar nazarin shari'ar Musulunci. Harabar ƙarama ce, awa ɗaya ta isa ka zagaye ta, kuma za ka lura shigar 'yan Kongo ta fi ta 'yan Samaru tsari, ga 'yan shari'a cikin fari da baƙi.

Tunda ka zo har nan, kada ka juya. Ka ƙarasa cikin birni ta Ƙofar Doka ka je ƙofar fada. Masallacin Juma'ar da ke wurin, cikinsa akwai ginin ƙasa da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a shekarun 1830, an lulluɓe shi da sabon gini daga waje. In ka shiga sallah ka ɗaga kai ka dubi bakan gizon da ke riƙe da rufin, ka tuna da abin da ka gani a Drama Village, za ka gane inda Baturen da ya zana shi, Ehrlich, ya yi makaranta. Ka kama hanyar komawa Samaru kafin ƙarfe biyar, domin daga nan motoci kan cika da ma'aikata da 'yan kasuwa masu komawa gida, ka kuma ware kuɗin motar dawowa a aljihu daban tun kafin ƙamshin tsiren Tudun Wada ya same ka.